Suna Linzami: Sunan Mai Cin Bashi a Takardun Jingina



Sa'ad da aka sanar da kan wannan jawabi, wasu abokan karatunmu sun yi mana ba'a, suna cewa ashe mun rasa abin da za mu tara jama'a a kansa sai kuskuren rubuta suna, aikin da malamin aji uku yake gyarawa da jan biro. Ba mu ga laifinsu ba, domin mu ma haka muka ɗauki abin kafin mu zauna mu karanta shi. Muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, ku gani ko harafi ɗaya ya isa ya raba mutum da dukiyarsa.

A birnin nan namu na Katsina jingina ba baƙuwa ba ce. Tun zamanin da ayarin fatake ke shigowa ta ƙofofin ganuwa, magidanci in ya matsu yakan ɗauki babbar rigarsa, ko takobinsa, ko ya nuna gonarsa, ya je wurin mai hali ya karɓi kuɗi, a kan in ya biya a mayar masa da abinsa. Abin lura a wannan tsohon tsari shi ne, kayan suna barin hannun mai su. Rigar tana cikin adakar mai ba da bashi, gonar kuwa kowa a unguwa ya ga wanda yake shiga cikinta. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tsaya a kan cewa jingina ba ta kammala sai an karɓe ta a hannu. Idan mai bin bashi ya yi sakaci ya bar kayan a wurin wanda ya ci bashin har mutuwa ko karayar arziki ta riske shi, to, fifikonsa ya faɗi, ya koma sahu ɗaya da sauran masu bi. A irin wannan hali ba a damu da yadda ake rubuta sunan mutum ba, domin wanda ya riƙe riga ba ya bukatar ya san ko Mamman ake ce wa mai ita ko Muhammadu.

Duk da haka, addini bai bar mu da riƙon hannu kaɗai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, watau aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta an ɗora wa wanda bashin ke kansa nauyin ya faɗa da bakinsa, marubuci ya rubuta. Ayar da ke biye da ita ce ta kawo maganar jinginar da ake karɓa a hannu, ga matafiyan da ba su sami marubuci ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, zamani ya kawo wata bukata da tsohon tsarin bai iya biya ba. Tela da ke neman jari ba zai iya miƙa keken ɗinkinsa ga banki ba, don da shi zai yi aikin da zai biya bashin. Haka mai injin niƙa, haka mai babur mai ƙafa uku, haka manomin da shanun huɗarsa su ne dukan dukiyarsa, haka ɗan kasuwar da ya tara buhunan masara a sito a Funtuwa yana jiran farashi. Shekara da shekaru bankuna ba su kallon irin waɗannan mutane, sai mai takardar mallakar fili, alhali kuwa jinginar fili tana bukatar yardar Gwamna bisa ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma talakawanmu kaɗan ne suke da takardar. Don a buɗe wannan ƙofa ne Babban Bankin Nijeriya ya kafa Rajistar Jingina ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2016. A ran 30 ga Mayu, 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, yana Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, ya sa hannu a dokar da ta tsara jinginar dukiya mai motsi, watau duk abin da ake iya ɗauka, ko a kora, ko a tuƙa.

Ga yadda abin yake aiki. Tela ya ci bashi, keken yana nan a shagonsa. Banki kuma ya shiga rajistar ta intanet ya cika sanarwa, cewa wane ya jinginar mini da kaza a kan kuɗi kaza. Gobe in telan ya je wani bankin da keken nan dai, ya kamata banki na biyu ya bincika rajista kafin ya ba da ko kwabo. In ya ga sanarwar banki na farko, ya san an riga shi. Idan kuwa masu bi suka yi yawa, dukiya ta kasa, wanda ya riga yin rajista shi ne a gaba. Ku lura da kyau, 'yan'uwa: rajista ta maye gurbin adaka. Abin da mai ba da bashi ya riƙe yanzu layi ne na rubutu a cikin kwamfuta, kuma amfanin layin nan ɗaya ne tak, wato mai bincike ya same shi in ya nema. Sanarwar da aka ajiye a inda ba za a gan ta ba, da ita da babu duk ɗaya ne.

Ƙasar Amurka ta daɗe da irin wannan rajista, kuma a can da sunan mai cin bashi ake jera sanarwa, da shi ake nemanta. Saboda haka kotunansu sun cika da shari'u a kan haruffa. A jihar Kansas, a 1998, wani kamfanin sayar da kayan noma mai suna Pankratz ya sayar wa wani mutum da tarakta bashi, ya riƙe taraktar a matsayin jingina, aka yi rajista. Sunan mutumin Rodger, amma akawun ya rubuta Roger, ya tsallake harafin d. Daga baya wani banki ya ba mutumin nan rance a kan dukan kayan aikinsa, ya rubuta sunan daidai. Da mutumin ya karye, aka tafi shari'a a kan wa ke da taraktar. A 2006 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa bankin ne a gaba, ko da yake shi ya zo daga baya, domin wanda ya bincika rajista da sunan gaskiya ba zai ga sanarwar kamfanin ba. Babu wanda ya yi musun cewa kamfanin ya ba da taraktar, babu wanda ya yi musun cewa ba a biya shi ba. Harafi ɗaya ya mayar da shi baya.

Akwai wadda ta fi wannan zafi. A jihar Florida wani banki mai suna Live Oak ya ba wani kamfani rancen da ya kai kimanin dala miliyan uku. A cikin sunan kamfanin akwai kalmar Boulevard, ma'aikacin bankin ya taƙaita ta zuwa Blvd., yadda kowa yake yi a bayan ambulan. A 2022 Kotun Ƙolin Florida ta ce sunan da aka rubuta ba shi ne sunan da ke cikin takardar kafa kamfanin ba, don haka sanarwar ba ta da ƙarfi. Ganin yawan irin wannan rikici ne ya sa tun daga 2013 yawancin jihohin Amurka suka ce, game da mutum ɗaya, sunan da ke jikin lasin tuƙinsa shi za a kwafa, harafi da harafi, ko da a lasin ɗin ne aka yi kuskuren.

To, in wannan shi ne halin mutanen da kowa yake da sunan fari da sunan dangi guda ɗaya daga haihuwa har mutuwa, ina kuma ga mu?

Bahaushe mutum ne mai arzikin suna. Ran bakwai aka raɗa wa yaro sunan yanka, a ce Abubakar. Kafin a watse daga wurin walima an fara kiransa Garba, ko Habu, ko Buba in akwai Fulani a dangi. In sunan kakansa ya ci, uwarsa ba za ta taɓa faɗin sunan ba saboda kunya, sai ta ce Baba ko Abba, unguwa duka ta ɗauka. In ran Juma'a aka haife shi ga Ɗanjuma, in bayan 'yan mata ya zo ga Tanko. Umaru shi ne Sanda, Usman shi ne Shehu, Ibrahim shi ne Iro, Abdullahi shi ne Audu. Fatima ita ce Binta, Hauwa'u ita ce Kulu, A'ishatu ita ce Indo, Hadiza ita ce Dije. Sa'an nan ya girma ya kama sana'a a ce masa Maishinkafa ko Maiturare, ya je Makka ya zama Alhaji, in an naɗa shi sarauta sunan ma ya ɓace gaba ɗaya, sai dai a ce Magaji ko Wakili. A wurinmu duk wannan ladabi ne da girmamawa, kuma babu wanda yake ruɗewa, domin mai kira da wanda ake kira sun san juna. Kwamfuta kuwa ba ta san kunya ba, ba ta san Garba da Abubakar mutum ɗaya ne ba.

Sunan dangi irin na Turawa kuma da makarantar boko ya shigo mana, kuma a garin nan muna da shaida. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta tara ɗalibai daga lardunan Arewa, ga Muhammadu da yawa, ga Abubakar da yawa, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu. Marigayi Sardaunan Sakkwato, a zamanin karatunsa a nan, Ahmadu Raba ake ce masa, sai daga baya ya zama Ahmadu Bello. Marigayi Alhaji Abubakar Imam da yayansa Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, uba ɗaya ya haife su, amma duniya ta san su da sunaye biyu dabam. Har yau a gida ɗaya za ka tarar wa yana amsa sunan uba, ƙane yana amsa sunan kaka, autansu yana amsa sunan unguwa, Rafindadi ko Gafai, gwargwadon abin da ya faɗo a bakin wanda ya kai shi firamare. Ɗalibi guda sai ya zama Sani Musa a takardar firamare, Muhammad Sani Musa a ta sakandare, Musa M. Sani a katin banki.

Ko an daidaita a kan suna, saura rubutu. Sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya fi kowane yawa a cikinmu, muna rubuta shi Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Muhammed, Mohammad, wani ma ya taƙaita shi zuwa Moh'd. Sunan da jami'ar jiharmu take ɗauke da shi, na marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ku duba jaridu da allunan kan titi ku ƙirga kala nawa ake rubuta shi: wani ya sa waƙafin sama biyu, wani ɗaya, wani ya haɗe shi duka, wani ya sa w wani ya cire. Sunan gidan Coomassie, wanda kowane Bakatsine ya sani, tsohon rubutun Turawa ne na garin Kumasi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, yawancin na'urorin ofis ba su karɓarsu, sai Ɗanladi ya zama Danladi, Ƙanƙara ta zama Kankara. Dutsin-Ma kuwa wani ya raba, wani ya haɗe, wani ya sa karan ɗori. In ka ƙetara Jibiya ka shiga Maraɗi, ɗan'uwanka da kuka sha nono ɗaya ya zama Mahamadou, ko Ousmane, ko Issoufou, don da alƙalamin Faransa aka rubuta shi. Ɗan kasuwar da yake da shago a nan da can, yana da takardu a ƙasashen biyu, a idon takarda mutum biyu ne.

Da a ce Nijeriya ta kwafi tsarin Amurka yadda yake, da rajistar ba ta yi shekara ba ta zama kasuwar rikici. A nan dole mu yaba wa waɗanda suka tsara dokar 2017, don sun kauce wa ramin. Sun ce a rubuta sunan mai jingina da adireshinsa, amma abin da za a jera sanarwa da shi, a kuma neme ta da shi, lamba ce. Ga mutum ɗaya, lambar shaida wadda aka samo daga zanen yatsu da hoton fuska, a aikace kuwa ita ce BVN, mai alƙaluma goma sha ɗaya, wadda Babban Banki ya ƙaddamar a watan Fabrairu na 2014. Ga kamfani, lambar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ba shi. Ga kayan da suke da lambar ƙira, kamar mota, ana sa lambar jikinsu, ana kuma iya nema da ita. Dokar ta bayyana cewa kuskure a lambar mai jingina yana rushe rajistar. Watau hukuncin da ya faɗa wa kamfanin Kansas saboda harafi, a nan yana jiran wanda ya juya alƙalami ɗaya cikin goma sha ɗaya, ya rubuta 68 a inda ya kamata ya rubuta 86.

Wani zai ce, to, ai magana ta ƙare, an ba kowa lamba, a bar mu da Garbanmu da Habunmu. Mu a ganinmu ba ta ƙare ba. Lamba ta magance tambayar yadda ake rubuta suna, amma ta bar wata tambaya wadda ta fi ta nauyi a ƙasarmu, wato lambar wa za a rubuta.

Mu ɗauki misali. Saurayi yana son jarin sayar da kayan waya, ba shi da abin jingina, mahaifinsa ya ce a sa shanunsa biyu. Bashin na ɗa ne, shanun na uba ne. Dokar ta bambanta mai cin bashi da mai jinginar da dukiya, ko da yake sau da yawa mutum ɗaya ne. Akawun da bai fahimci wannan ba sai ya sa lambar yaron da ke zaune a gabansa. Gobe uban ya kai shanun nan wani wuri, aka bincika lambarsa aka ga fes, babu komai a kanta. Haka nan maigida da ya zo jinginar da keken ɗinkin matarsa ko firjin da take sayar da ƙanƙara. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba, dokar ƙasa ma haka ta ce. Amma saboda matar tana cikin gida, ba ta zuwa banki, sai a cika fom da sunan mijin a wuce. Wannan rajista an yi ta a kan mutumin da bai mallaki kayan ba. Ga kuma dukiyar gado da ba a raba ba, injin niƙan marigayi da babban wa yake juyawa, alhali magada goma suna da haƙƙi a ciki.

Sai maganar sunan kasuwanci, inda muke ganin ko masu digiri suna tuntuɓe. Mutum ya rubuta a allon shagonsa, wane da 'ya'yansa, ya yi wa sunan rajista, ya buga takardar wasiƙa da hatimi. Wannan suna riga ce kawai ya sa, a idon doka shi ne dai mutumin, bashin kansa yake hawa. Amma in ya kafa kamfani mai iyakacin alhaki, to, an haifi wani mutum dabam a idon doka, mai dukiyarsa da bashinsa, ƙa'idar da kotun Ingila ta kafa tun 1897 a shari'ar Salomon, mu ma muka gada. Alhaji yana iya zama shi ne shugaban kamfanin, shi ne mai kusan dukan hannun jari, shi ke riƙe da mabuɗin sito, duk da haka motar da aka saya da sunan kamfani ba tasa ba ce. In aka yi rajistar jinginarta da lambar Alhaji, an ɗaure igiya a turken da babu akuya. Kamfani kuma yana da ƙarin sharaɗi a ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020: irin jinginar da dokar ta lissafa, wajibi ne a kai ta Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 90, in ba haka ba ta faɗi a gaban sauran masu bin kamfanin bashi.

Akwai kuma wata al'ada tamu mai kama da zumunci, wadda muke ganin ita ce mafi haɗari, watau aron lamba. Wani ba shi da asusun banki, ko kuwa sunansa na BVN bai dace da na katinsa ba, ga rance ana rabawa, lokaci na ƙurewa, sai ƙaninsa ɗalibi ya ce, Yaya, ga tawa a sa. Mun san wannan yana faruwa, wataƙila a zauren nan ma akwai wanda ya taɓa yi. Ku sani tun daga watan Agusta na 2020 Babban Banki ya fito da tsarin da ya ba banki damar, in wanda ya sa hannu a kan yarjejeniyar ya ƙi biya, ya bi lambar BVN ɗinsa ya ɗebi kuɗin daga asusunsa na kowane banki. Ɗalibin da ya ba da lambarsa ya sa hannu saboda kunyar yayansa, ran da albashinsa na farko ya shiga, a ran nan zai san abin da ya sa wa hannu.

Kada kuma mu ɗauka cewa kuskuren nan asarar banki ce kaɗai, mu ce can ta matse musu. Lambar da aka rubuta bisa kuskure, mai yiwuwa ne ta wani bawan Allah ce a Daura ko a Legas, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, sai ran da ya je neman rance a ce masa ai kayanka suna jingine. Wanda zai sayi tsohuwar mota ya bincika lambar jikinta bai ga komai ba, don an yi kuskure wajen shigar da ita, ya biya kuɗinsa, daga baya rigima ta same shi har gida. Bankin da ya ƙone sau ɗaya sau biyu kuwa ba zai ce akawuna ne ya yi sakaci ba, cewa zai yi jinginar keke da shanu ba ta da tabbas, ya koma neman takardar fili. Ƙofar da aka buɗe wa tela da manomi sai ta sake rufewa, su koma hannun masu ba da kuɗi da ruwa a bayan kasuwa.

Sunan kansa ma bai fita daga maganar ba. Rajista sanarwa ce kurum, asalin haƙƙin yana cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu, kuma ita za a kai gaban alƙali. In yarjejeniya ta ce Garba Maishinkafa, BVN ta ce Abubakar Lawal, rasidin injin kuma ya ce Alhaji Habu, to, lauyan da yake neman hanyar kuɓutar da wanda yake karewa ya sami abin yi, sai an nemo shaidu da takardar rantsuwa kafin a tabbatar da abin da kowa a unguwa ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ga yayyenmu ma'aikata, da mu da muke shirin bin sawunku, wasu a bankuna, wasu a ƙungiyoyin gama kai, wasu a ma'aikatun da ke raba rancen noma. Abin da muka fahimta daga karatunmu kaɗan ne, kuma ba ya bukatar digiri. Kada a karɓi suna daga baki, ko daga allon shago, ko daga wurin ɗan rakiya. A karɓi takarda a kwafa, ko da mai ita ya ce ai ba haka ake kirana ba. A tantance lambar a na'ura, a dubi hoton da ya fito, a dubi fuskar da ke zaune. Kafin a tambayi mutum lambarsa, a tambaye shi kayan na wane ne, a nemi rasidi, in mace ce mai su a nemi lambarta da yardarta a rubuce, ko da sai an aika ma'aikaciya cikin gida. Bayan an shigar da sanarwa, a koma a bincika rajistar kamar baƙon da bai san komai ba, a ga ko ta fito. Wannan mataki na ƙarshe minti biyu ne, kuma da kamfanin nan na Kansas ya yi shi da bai rasa taraktarsa ba. A nan ne kuma muke komawa ga ayar da muka ambata da farko, wadda ta sa wanda bashi ke kansa ya faɗa a rubuta. A karanta wa mai jingina abin da aka shigar, da harshen da yake ji, alƙalami bayan alƙalami, ya tabbatar da bakinsa cewa shi ne. In ya gama biya kuma, haƙƙinsa ne a soke sanarwar, kada a bar sunansa ɗaure bayan an kwance bashin.

Mu ɗalibai kuwa namu aikin ya fi sauƙi yanzu fiye da yadda zai zama nan gaba. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN. Asusun ba ɗalibai rancen karatu da aka buɗe a 2024, ko da yake ba ya neman jingina, yana neman lambar JAMB da NIN da BVN gaba ɗaya, kuma da yawa daga cikinmu a nan ne suka fara gano cewa su mutum uku ne. Kowa ya koma ɗaki yau ya shimfiɗa takardunsa a kan katifa, ya jera su, ya duba suna da jerin sunaye da ranar haihuwa. In sun saɓa, ya zaɓi guda, ya bi hanyar gyara, da takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida in an bukata, tun yana da takardu huɗu, kafin su zama ashirin. 'Yan'uwanmu mata su yi tunani sosai kafin su sauya sunan uba da na miji a takarda bayan aure, domin addini bai nemi haka ba, kuma kowane sauyi wata tsaga ce a bango.

Akwai abu ɗaya da yake ci mana rai, mu da muke ƙaunar harshen nan. Shawarar da muka bayar tana nufin cewa wanda katinsa ya ce Danladi, dole akawu ya rubuta Danladi, ba da ɗ mai lanƙwasa ba, ko da ya san daidai, ko da shi malamin Hausa ne. Mun yarda da haka a kan tilas, don kare dukiyar mutane. Amma muna ganin lokaci ya yi da hukumomin da ke riƙe da sunayen 'yan ƙasa za su koya wa na'urorinsu haruffan da miliyoyin mutane suke rubuta sunayensu da su, tun da wayar da ke aljihun kowannenmu ta riga ta iya.

Muna ganin shugaban zama yana duban agogo. Akwai ma'aikatan banki a sahun gaba waɗanda suke cika wannan sanarwa da hannunsu, muna fata a lokacin tambayoyi za su gaya mana yadda suke yi in mace mai kulle ce take da kayan jingina, da kuma inda muka yi kuskure su gyara mana.